Ni na ce masa ya hau dutsen

Gwanjo nake sayarwa a kasuwar Dembé, kuma duk wanda ya taɓa buɗe dila ya san akwai kayan da ke sa mutum tsaki. Rigunan sanyi masu kauri kamar katifa, takalma masu nauyin turmi, jakunkunan goyo masu igiyoyi birjik. Wa zai sa wannan a N'Djamena? Sai dai 'yan klando, masu haya da babur, su ɗauki rigar in sanyi ya shigo. Sauran kuwa a bayan rumfa nake jibge su.

A shekarar da nake ba da labari, autanmu yana Italiya. Makanikin babur ne, ya bar gida ya bi ta Libiya, ya tsallake teku da rai, ya share kusan shekara biyu a sansanin 'yan gudun hijira ba takarda ba aiki. Faransa yake so, tunda da Faransanci ya yi lakwal, wato makarantar boko. Sau biyu ya shiga jirgin ƙasa, sau biyu 'yan sandan iyaka suka sauko da shi. Abin da ya rage shi ne hanyar ƙafa ta kan duwatsu. Innarmu, a gidanmu na Mardjandafak, ba ta san da wannan ba. Ita dai ta san ɗanta yana Turai, shi ke nan.

Ƙarshen watan Agusta ne, ruwa ya cika kasuwa, taɓo har idon sawu, da ya kira ni da hantsi.

"Yaya, mu shida ne za mu tashi jibi. Amma wani ya ce akwai ƙanƙara a sama. Ina ganin in bari."

"Ƙanƙara? Yanzu?" na ce. "Ba kai ka ce mini zafi ya hana ku barci ba?"

"A nan ƙasa ne ake zafi."

In gaya muku, ni mai saurin baki ce. Na gaji da ganinsa a hoto yana ramewa, na gaji da Inna tana tambayata yaushe zai fara aiki. Kuma a satin nan, a aljihun wata jakar goyo, na tsinci wata takarda mai launi a ninke. Duwatsu ne kore shar, ga shanu, ga Turawa maza da mata cikin gajeren wando suna ta dariya da jakunkuna a baya. Maƙwabcin rumfata, wani mutumin Damagaram mai karatun Faransanci, ya duba ya ce an rubuta lokacin zafi ne ake wannan yawon, har zuwa Satumba. Ko dutsen da auta zai hau ne, ko wani ne can daban, oho. A wurina dutse dutse ne.

Na ɗauki hoton takardar na tura masa. Na bi da murya: "Kai, ka ji kunya! Tsofaffin mata na hawa da gajeren wando, kai kana tsoro? Ka tsallake teku, tudu ne zai gagare ka?"

Ban tsaya nan ba. Wai ni mai dabara, na ce kada ya sa rigar sanyin da aka ba shi a sansani, don da an gan shi cikinta a wannan zafin za a gane ba ɗan yawon buɗe ido ba ne. Ya sa riga mara nauyi da kambas, ya rataya ƙaramar jaka, ya saje da mutanen hoton. Ya yi dariya ya ce, "To, Yaya. Ke dai ba a cin ki da magana."

Ranar da suka tashi, wajen ƙarfe goma, saƙonsa ya shigo. Yana haki, yana dariya. "Yaya, kin yi gaskiya. Ga shanun nan, har da ƙararrawa a wuya. Wallahi ciyawa kamar can gida Toukra da damina." Na sa wa maƙwabcina ya ji, ina ta cika baki. Har shayi na saya wa mutanen layinmu.

Daga nan shiru. Na kira da la'asar, waya a kashe. Washegari ma haka. Na ce wa kaina caji ne ya ƙare. Na buɗe rumfa, na yi ciniki, na yi faɗa da wata mata a kan zani.

A rana ta uku da azahar, baƙuwar lamba ta kira. Wani saurayi ne ɗan Abéché, cikin waɗanda suka tashi tare, yana magana da Larabci a hankali kamar mai tsoron kalmomin. Na shige bayan rumfa, na zauna a kan tulin rigunan sanyin nan, na ce ya faɗa mini duka, kada ya rage.

Ya ce hanyar 'yan yawon da ke ƙasa akwai jami'ai a kanta, don haka suka haura ta sama, ta gefen da rana ba ta cika dukansa ba. Can ne suka tarar da ita. Dusar ƙanƙara ce ta bara wadda ba ta narke ba, ta kwanta a gicciye ta rufe hanya, faɗinta bai fi titi biyu ba, amma a karkace take, ƙasanta kuma gangare ne mai duwatsu. Samanta ya yi laushi saboda rana, ƙarƙashi kuwa tauri kamar siminti. Akwai sawun mutane a kai, sai suka ce ai ana wucewa. Ya ce daga baya masu ceto suka nuna musu cewa masu wancan sawun ƙarfe mai haƙora suke ɗaurawa a tafin takalmi, suna kuma riƙe da sanda mai tsini. Na san ƙarfen. Ya sha fitowa a dilata, ina tara shi in sayar wa masu kayan bola a kilo, don na zaci tarkon ɓera ne.

Huɗu suka wuce da rarrafe. Auta ne na biyar. Iska ta taso, yana rawar ɗari cikin 'yar rigar nan, hannuwansa sun ƙage. A tsakiya ƙafarsa ta zame. Saurayin ya ce ko ihu bai yi ba, sulalewa kawai ya yi, yana ƙoƙarin kafa yatsu a cikin ƙanƙarar, har ya ɓace musu. Su ne suka kira masu ceto, duk da sun san kama su za a yi. Sai washegari aka ɗauko shi. Musulmin garin da ke gindin dutsen sun yi masa wanka, sun binne shi.

Innalillahi. Ban yi kuka ba a lokacin, haushin kaina ya fi ƙarfin kukan. Shi ya ce zai bari. Da bakinsa ya faɗa.

Kawunmu ne ya gaya wa Inna, ni ban iya ba. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza suka yi masa salla ba gawa, mata suka cika tsakar gida kwana uku. Kowa ya shigo sai ya ce kwana ne ya ƙare, ni kuma in ce haka ne.

Bayan an watse, ina tattara kofunan shayi, Inna ta kira ni ɗakinta. Ta kama hannuna, idonta ya bushe ƙamas.

"Yaron nan bai taɓa ƙetare maganarki ba," ta ce. "Me ya hana shi shawara da ke? Da ya tambaye ki, na san da kin hana shi."

Na dubi hannuna a cikin nata. Na ce, "Haka ne, Inna."

Shekara huɗu ta yi bayan nan tana faɗa wa duk wanda ya zo gaishe ta wannan maganar, a gabana, har Allah ya karɓi ranta. Ban taɓa gyara mata ba.