Ƙarfen mota a tukunyar miyata

Ɗazu jikana ya shigo neman tukunya, wai zai dafa sabon tamostat, ɗan ƙarfen da ke sakar wa inji ruwa in ya yi zafi, ya gwada shi kafin ya ɗaura wa motar tserensa. Na yi dariya har da ƙwalla.

Zamanin Turawa, ina amarya a Haɗejiya, na kama maigidana direba yana tafasa irin ƙarfen nan a tukunyar miyata.

"Malam, yau abin da za mu ci ke nan?"

"Zuba ido, Amarya. In ya buɗe baki, injin zai sha ruwa, in dawo miki daga Kano lafiya."

Na tsuguna gefensa ina addu'a har ya buɗe.

Yau ma ni na hura wutar. Allah ya jiƙan Malam.

Ku fa, me ke tuna muku da naku?