Matar da Ta Ba Tsamiya Ajiyar Ɗanta

Ni 'yar fari ce, saboda haka ban tashi a ɗakin uwata ba. Ana yaye ni aka ɗauke ni daga Gumel aka kai ni wurin kakata ta wajen uwa, wadda muke kira Iya, a wani ɗan ƙauye bayan Ɗanzomo. Haka ake yi a gidanmu tun kaka da kakanni, ba wanda ya ga abin magana a ciki. Uwata kuwa, Inna, ko sunana ba ta faɗa, don kunyar ɗan fari. In ta zo ganin gida ta tarar da ni, sai ta kawar da kai ta ce, "Iya, waccan ta ci abinci kuwa?"

Shekarun saba'in ne, bayan farin nan da ya kashe shanu. Na Iya 'yan kaɗan suka tsira, su ma duk haƙarƙari a waje. Da su take riƙe da mu. Ta tatsa, ta kaɗa, ta dama fura, ranar Alhamis ta ɗora ƙwarya a ka sai kasuwar Maigatari, ba ta dawowa sai rana ta yi ja. Da an idar da sallar isha'i sai ta hura wuta kusa da turken maruƙa, da busasshen kashin shanu da karan gero, don hayaƙin ya kori sauro. Kafin ta miƙe ƙafa yaran maƙwabta sun cika wurin.

"Kai, ku ƙyale ni," in ji ta kullum. "Bayana kamar an daka. Ku ba ku da kakanni a gidajenku ne?"

Ba mai motsawa. Sai ta tura kara cikin wuta, ta yi tsaki, ta ce, "To, ga ta can tafe da kayanta a ka."

Mu ce, "Ta sauke a nan, Iya!"

Tatsuniyoyinta da yawa na dariya ne. Amma akwai guda ɗaya da ba na so, kuma ita ce ta fi zama mini a rai.

Wai wata mata ce mai goyon fari, namiji. Mijinta ya bi shanu kudu, ya bar ta da gona da rijiya da turmi da yaro mai kuka. Ta yi noma da goyo, ta ja guga da goyo, ta yi daka da goyo. In ta kwanta ya tashe ta, in ta tashi ya ƙi sauka. Wata rana tana dawowa daga itace ƙafafunta suka ƙi tafiya, ta zube a gindin wata tsohuwar tsamiya mai kogo, ta ce, "Wayyo ni, ina ma akwai mai riƙe mini yaron nan in runtsa."

Iya takan shaƙe murya in ta zo maganar tsamiya, har maruƙa su ɗaga kunne. "Sai tsamiya ta ce, ''Yar nan, kawo shi. Ina da inuwa, ina da zuma a cikina. Je ki yi barcinki.'"

Matar ta kwance goyo ta sa a kogo, ta kwanta. Barcin da ta yi ke nan har gero ya yi kai, ya nuna, aka girbe. Da ta farka ta ruga gindin tsamiya, ta tarar kogo ya rufe ruf. Ta buga, ta roƙa, ta yi waƙa:

"Tsamiya, tsamiya, buɗe mini,
Nono ya cika, zani ya jiƙe,
Ajiyata nake nema."

Tsamiya ta ce, "'Ya'yan mutane da yawa ne a cikina. Kira naki da sunansa, zai fito."

To, tsamiyar a bakin hanyar rijiya take. Mata sun taru da tulunansu, ga uwar mijinta a gaba, kowa ya zuba ido. Ta buɗe baki, kunya ta kama harshenta. Ta ce, "Wancan." Shiru. Ta ce, "Yaron nan." Shiru. Ta ce, "Mai sunan malam." Kogo ko motsi bai yi ba.

A nan Iya take tsayawa.

"Sai me, Iya?"

"Sai me kuwa? Tana nan tsaye. In kun bi hanyar Gagarawa ku duba da kyau, za ku gan ta. Ta ƙare, wuta ma ta mutu, kowa ya nemi tabarmar gidansu."

Ni fa matar nan haushi take ba ni. Raguwa, mai son barci! Wa ya aike ta? Na sha faɗa wa Iya haka, ita kuwa sai ta dungure mini kai ta ce, "Ke dai Rakiyalle bakinki ya fi ki girma." Abu ɗaya na lura da shi, ko da yake ban gane kansa ba a lokacin. Duk sanda Inna ta zo daga Gumel ta kwana, tatsuniyar nan Iya take yi, ko mun roƙi wata. Kuma ba mu take kallo ba in tana yi. Inna takan zauna can baya inda hasken wuta bai kai ba, da an zo wajen kiran suna sai ta tashi ta hau wanke ƙoren da aka riga aka wanke.

Iya ce ta sa ni a makarantar boko, wadda take kira lakwal irin na mutanen tsallaken iyaka. Ta rasu ina sakandare. Karatu ya ja ni har Kano, na ƙare a wani kamfanin saƙa, ina rubuta wa kwamfuta umarnin da take bi ta tsara ayyukan ma'aikata. Na yi aure a makare, a ganin mutanenmu, na haifi 'yata Safiya.

Wallahi ban san akwai gajiya irin wannan a duniya ba. Na yi wankan jego a Gumel, hutu ya ƙare, na koma aiki da jaririya da ba ta san dare ba, ba ta san rana ba. Ɗakin da muke aiki sanyi ƙalau kamar cikin randa, don injunan ba sa son zafi. Ko da takalmi ba a shiga, balle da goyo. Sai in bar ta wurin wata maƙwabciya, ita kuwa Safiya ta ƙi bulumboti ƙememe. Ta wuni tana tsala ihu, ni ina can nono na zuba, ina rufe gaban rigata da gyale kada maza su gani. Maigidana ma'aikacin asibiti ne, yana iya ƙoƙarinsa, amma shi ma a tsaye yake barci.

Aikin kwamfuta kuma ba ya yafiya. Ɗigo ɗaya ka manta, komai ya tsaya cak, ka wuni kana neman inda ka yi kuskure. Ni da nake gyara na wasu, sai ga shi ana gyara nawa. Ran nan gyangyaɗi ya kwashe ni da hantsi, goshina ya danne maɓalli, na farka na ga harafi ɗaya ya cika fuskar kwamfutar tun daga sama har ƙasa, ga shugaban sashenmu tsaye a kaina. Mutumin kirki ne, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malama Rakiya, ina tausaya miki. Amma ki je ki yi shawara da gida, haka ba zai yiwu ba."

Da yamma na kwance Safiya zan yi mata wanka, na ga wuyanta ya zama siriri. Na zauna a bakin baho na yi kuka har ruwan ya huce. A nan na yanke shawara. Ai 'yar fari ce, dama ta kaka ce. Abin da za a yi in an yaye ta, a yi shi yanzu mana, kowa ya huta. Da na faɗa wa maigidana, sai ya ce, "In kin ga haka ya fi."

Ranar Asabar na haɗa kayanta kaf, har da gwangwanayen madara, na hau mota zuwa Gumel. Mahaifina ya daɗe da rasuwa, Inna na zaune da awakinta da ƙanwarta, Gwaggo Hajo. Na tarar da su a tsakar gida suna ɓarar gyaɗa. Ko gaisuwar kirki ban gama ba na kwance goyo na miƙa.

"Inna, ga ta na kawo miki. Na gaji. Wallahi na gaji."

Gwaggo Hajo ta yi guɗa. "Yauwa, yanzu kika yi hankali! Dama ina aka taɓa ganin 'yar fari a hannun uwa? Ke ma ai haka aka yi miki, ga ki nan kin zama mutum."

Inna ta karɓi yarinyar, ta juya ta, ta taɓa wuyanta. Ba ta dube ni ba. Ta ce wa Gwaggo, "Ce wa waccan ta shiga ɗaki ta kwanta."

Na kwanta da azahar. Na san an riƙa kawo mini Safiya tana shan nono ana ɗaukewa, kamar a mafarki. Ban dawo hayyacina ba sai hantsin Lahadi. Da na fito na ga kayan Safiya a ɗaure yadda na kawo su, kusa da su ga wani ƙullin kaya da buta da tabarmar salla. Gwaggo ba ta nan. Inna na zaune a kan turmi da yarinyar a cinya.

"Ba zan riƙe ta a nan ba," in ji ta.

Raina ya ɓaci nan take. "Haba Inna! Sai a kaina al'adar za ta ƙare? Aikin zan bari, ko so kike in haukace?"

"Zauna."

Na zauna. Tunda nake ban taɓa jin ta yi mini doguwar magana ba, ranar ma awakinta take kallo tana yi.

"Ranar da Iya ta zo tafiya da ke, ina bayan ɗaki na toshe bakina da zani. Ba wanda ya tambaye ni. Ita ma ba wanda ya tambaye ta, an ce ta ɗauka ta ɗauka. Kin tuna tatsuniyar tsamiyar nan da take yi in na zo?"

Na ce na tuna.

"Ba ku take yi wa ba. So take in buɗe baki in ce a ba ni 'yata, ta ba ni. Ita ba za ta iya cewa ungo ba, kada a ce ta gaji da jika. Ni ba zan iya cewa kawo ba, kada a ce ba ni da kunya. Kullum in taho daga Gumel da maganar a bakina, in koma da ita. Har kika yi wayo, har ta mutu." Ta gyara wa Safiya hula. "Yau barci kike so. In kin ƙoshi da barcin za ki zo nema, ki tarar ta saba da bayana, tana gudun naki. Ni na san wannan, ba labari aka ba ni ba. Hajo za ta kula da awaki. Tashi mu tafi kada mu rasa mota."

Kunya ta kama ni, tausayinta ya kama ni, kuma ba zan ɓoye ba, har da ɗan takaici, don na riga na ƙwallafa rai a kan barcin da zan sha a Kano ni kaɗai.

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Inna ta tsani Kano. Ta ce ruwan famfo warin ƙarfe yake, ta ce gidan bene kurkuku ne, ta hana maigidana sakewa a falonsa don kunyar suruka. Safiya ba ta fasa tashina ba. Har yau in na zauna gaban kwamfuta haruffa kan yi mini rawa. Amma na daina jin haushin matar tsamiya. Ba raguwa ba ce, gajiya ta yi, kuma gajiya ba laifi ba ce. Waɗanda nake jin haushi yanzu matan nan ne masu tuluna. Duk yawansu a ce an rasa guda ɗaya da za ta ce, baiwar Allah, kira ɗanki, ba mai yi miki dariya? Ko tun farko ta ce kawo in riƙe miki, ki kwanta a nan kusa da shi?

Litinin ɗin farko da muka dawo, mun shirya Inna za ta kawo mini yarinyar bakin ƙofar kamfani da rana in ba ta nono. Ina tsakiyar aiki sai ga maigadi ya leƙo, ya tsaya a bakin ɗaki don ba ya son cire takalmi, yana ta mita.

"Wata tsohuwa ce a waje da goyo, ta hana ni sakat. Na ce wa kike nema, ta ƙi faɗar suna. Na ce Baba, mata sun fi a ƙirga a gidan nan, wacce a ciki? Ta ce ita dai in shiga ɗakin sanyi in ce ana kiran 'yarta."

Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "To, wace ce 'yar tata?"

Na miƙe na ce, "Ni ce."