Babban Yatsan Baba Garga

Duk wanda ya zauna a unguwar Briqueterie ta Yawunde a shekarun can ya san Baba Garga, ko da bai taɓa jin muryarsa ba. Dogon tsoho ne, mutumin Garwa, ya yi shekara talatin yana aikin layin dogo kafin ya kama ɗaki ɗaya a bayan masu tsire. Matarsa Jaratu ta rasu. Ɗansu ya bi jirgin ruwa daga Duwala, har wasiƙa ta daina zuwa. Sa'o'insa sun ƙare ɗaya bayan ɗaya, na baya kuwa ba sa miƙa wa babba hannu, sai su russuna daga nesa su wuce. Girmamawa ce, amma akan yi wata guda fatar wani ba ta taɓa tasa ba.

Sai ƙarshen wata. Ranar yakan sa farar riga, ya sayi goro biyu, ɗaya nasa ɗaya na akawun banki, ya gangara banki karɓar fansho. Bai iya rubutun boko ba, dangwale yake yi, ga hannunsa yana karkarwa. Saboda haka Yaya, akawun da ke taga ta uku, ɗan Ngaundere, shi ke kama masa babban yatsa ya tsoma a tawada ya danna a takarda.

"Baba, yatsan nan naka ya fi ƙadangare rawar kai."

"Riƙe dai, ɗan nema. Shi ya ɗaga ƙarfen da jirgin ƙasa ya bi ya iso Yawunde."

A shekarar saba'in da ɗaya kwalara ta shigo ƙasa. Da Baba Garga ya je banki, ya tarar da daro cike da ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta a bakin ƙofa, mai gadi yana shigar da mutum biyar biyar. An hana musafaha, an hana miƙa goro. An kafa gilashi a kowace taga, an bar 'yar kafa a ƙasa. Mutane suna ta mita a rana, shi kuwa ya wanke hannu ya shiga.

Yaya ya turo tawada ta kafar. "Baba, yau da kanka. Doka ce."

Ya gwada sau uku, sau uku yatsan yana zamewa yana ɓata takarda. Na bayansa suka fara tsaki. Yaya ya waiga, ya zagayo, ya tsoma hannu a daro, ya kama yatsan ya danna, ya saki da sauri.

Direktan bankin ya gani. Mutum ne mai son a ce bankinsa ba ya wahalar da kowa, sai ya sa aka sassaƙa wa tsohon hatimi mai sunansa, aka ba shi kyauta a 'yar jaka.

"Yanzu ba ka bukatar kowa," in ji Yaya, yana fassara maganar direkta. "Yana tambaya, ka gamsu?"

"Alhamdu lillahi," in ji Baba Garga.

Ya koma ɗaki ya sa jakar a ƙasan akwatin Jaratu, ƙarƙashin zannuwanta.

Da wata ya ƙare ya tsaya gaban gilashi yana laluben aljihu. "Kai, tsufa! Na manto abin nan."

Yaya ya zagayo ya kama masa yatsan. Wata na gaba ma haka. A na uku Yaya ya dube shi ya daɗe, har tsohon ya sunkuyar da kai.

"Baba, wannan mantuwa taka ta san kwanan wata."

"Ka girma ka gani."

Yaya ya zagayo ya wanke hannu, ya kama yatsan, wannan karon bai yi saurin saki ba.

Cutar ta wuce, aka ɗauke daro, gilashin kuwa ya zauna. Baba Garga ya ci gaba da mantuwarsa shekara biyu. Ranar da ya tarar da baƙuwar fuska a taga ta uku, aka ce an mayar da Yaya Duwala, ya dubi goro biyun da ke hannunsa. Sannan ya ce a jira shi, ya yi mantuwa a gida. Ya hau tudu a hankali, ya buɗe akwatin Jaratu, ya ɗauko hatimin.