Duniyar da Ba a Makara

A Kumbotso muke zaune lokacin, Babanmu yana aiki a wani kamfanin robobi a Challawa. Kullum bayan magariba kakarmu Iya, wadda ta haife shi, takan tara mu gaban murhu ta yi mana tatsuniya har sai mun ji ƙarar kekensa a zaure.

Wata rana tun la'asar baƙin hayaƙi ya turnuƙe ta wajen kamfanoni. Maƙwabta suka ce gobara ce, amma ba wanda ya san inda ta kama. Umma ta zari mayafi ta fita. Aka yi magariba, aka kira isha'i, babu ita babu keken.

Ƙanwata Zulai ta ce, "Iya, Baba ya makara."

"Ke wa ya ba ki agogo? Matso nan, yau daga sama na ɗauko muku."

Ta iza wuta. Ta ce ta ji a rediyo masana sun gano wata duniya can nesa, mai zagaya wani tauraro daban, ba ranarmu ba. Fuska ɗaya take ba tauraron kullum: rabinta zafi har dutse na narkewa, rabinta duhu da sanyi. Iyakar abin da rediyo ya faɗa ke nan. Sauran Iya ce ta ƙara.

A tsakani, in ji ta, akwai wani siririn gari inda rana ta tsaya a bakin faɗuwa. Akwai wata tsohuwa a can, ɗanta yakan shiga ɓangaren zafi ya ɗebo wa mutanen duhu garwashi. Ran nan ya tafi, ta zauna a ƙofa.

Na ce, "Ya daɗe?"

"Da me za a auna, tunda rana ba ta motsi? A can ba a cewa mutum ya makara. Sai dai a ce yana hanya."

Jiniyar 'yan kwana-kwana ta wuce a titi. Iya ta ɗaga murya ta danne ta. Ta sa ɗan ya tsaya gyara takalmi, ta sa ya tsaya gaisuwa. Duk ya kusa gida sai ta ƙara masa wata kwana. Na lura zaure take kallo, ba mu ba, carbinta a hannu, ba ta ja.

Sai muka ji sallama. Baba ne, Umma na bayansa, babu keke, hannunsa naɗe da bandeji, yana warin ƙonanniyar roba. Iya ta ajiye carbinta. Ta ce, "Alhamdulillahi."

Zulai ta ce, "To ɗan tsohuwar fa?"

"Ga shi nan. Tashi ki kawo masa ruwa."

Sai da na girma na gane abin da ta yi. Ta ƙi dawo da ɗan tsohuwar gida a labari kafin Allah Ya dawo da Baba, don kada ta yi mana alkawarin da ba nata ba.

Kwanaki 'yata ta nuna mini a waya, da gaske akwai irin waɗannan duniyoyi. Ko da mai rai a can, Allah ne masani. Yanzu maigidana a wani kamfani a Bompai yake aiki. Duk ranar da ya wuce lokacinsa, yara suka fara kallon ƙofa, nakan ɗauko carbi in ce su matso, Abbansu yana hanya.