Bayan Farantin Glenys

Mu mutanen Stoke, garin tangaran na Ingila, ba ma cin abinci sai mun juya faranti mun ga inda aka yi shi, ko a gidan surukai ne kuwa. Glenys ta fi kowa wannan ciwon.

Tare muka shiga masana'antar tangaran muna 'yan mata. Ita ke zana layin ruwan zinare a bakin faranti, hannunta ko rawa ba ya yi, in ta gama ta sa 'yar alamarta a baya, kamar ƙugiya. Ni kuwa mariƙin kofi nake liƙawa.

"Ke Maud," ta kan ce, "kofunanki duk kunnuwansu a karkace, irin na mijinki."

Aka wayi gari aikin ya koma ƙetare. Ba a ma yi rigima ba. Aka kashe wutar gasa tangaran, kowa ya kama gabansa. Shagunan layinmu suka bi baya ɗaya bayan ɗaya, har mai soya kifi. Motocin da ke fita da kaya suka koma shigowa da shi. Glenys ta samu aiki a wani sito, tana jera kwalayen faranti masu sunan kamfaninmu, da sunan wata ƙasa a ƙarƙashi.

Bara aka kai ta gidan tsofaffi. Ɗanta Clive ya kira ni, wai ta daina cin abinci, duk ta rame. Da an ajiye mata sai ta kife farantin har da abincin, ta duba, ta ture. Masu kula da ita suka ce ruɗewar tsufa ce. Ruɗewar ina! A farantin roba suke zuba mata.

Na bi shagunan gwanjo ina juya faranti kamar mahaukaciya, har ƙafafuna suka kumbura, kafin na samu mai alamar ƙugiyarta. Na miƙa mata shi babu komai a ciki.

"Juya ki gani, 'yar uwa."

Ta riƙe shi a cinya, ta daɗe tana kallon taga.

"Bar shi, Maud. Zuba kawai."

Na zuba mata dankali da romo, ta cinye tas. Clive sai murna yake, yana ta yi min godiya. Ni ko kuka ban iya ba, wallahi ban ji komai ba.

Washegari masu kula da ita suka manta suka zuba mata a na roba. Ta cinye, ba ta juya ba.