Likkafanin Yaya Mavo

Razanamavo ba waliyyiya ba ce, kada wani ya ce ni na faɗa. Faɗa gare ta, kuma ko gishiri ka je roƙo sai ka sha magana kafin ta ba ka. Tare muka tashi a ƙauyenmu da ke yamma da Ambalavao, nan Madagaska. Ta girme ni, don haka Yaya Mavo nake ce mata. Ni aka kai ni sakandare wurin sistocin coci, ita ta zauna gaban masaƙa, kuma daga nan sunana a bakinta ya zama 'yar boko.

Sana'arta saƙar likkafani da zaren tsamiya. Mu nan mutuwa ba ta ba mu tsoro kamar a ce an kwantar da mutum babu mayafi, nesa da kabarin danginsa. Rabin mamatan ƙauyen a cikin saƙarta suke kwance. Mijinta ya rasu, ba ta haihu ba, danginta sun ƙare, ta san babu mai kawo mata likkafani ranar tata. Sai ta saƙa wa kanta, ja mai duhu, a hankali, idonta yana dushewa. Shi ne na ƙarshe da ta iya gamawa. Ta naɗe shi da ganyen taba saboda asu, ta kulle a akwati.

Aikinta na biyu, wanda babu wanda ya sa ta, shi ne sharar ɗan ɗakin Waliyyi Faransis da ke kan tudu, bakin hanyar shanu. Waliyyin mutum-mutumin katako ne, gara ta cinye masa hanci. Tana shara tana yi masa mita kamar miji. Duk shekara ranar idinsa malamin cocinmu, Ralaivelo, sai ya ba mu labari ɗaya: yadda 'yan fashi uku suka zo roƙon abinci, wani mabiyin Faransis ya kore su da zagi, shi kuwa Faransis ya tura shi ya bi su cikin duwatsu da gurasa da ruwan inabi, ya durƙusa ya ba su haƙuri. Duk shekara kuma Mavo sai ta ce daga bayan coci, yadda kowa zai ji:

"Ba shi da saniya ne, shi ya sa."

Ita tana da saniya ɗaya. Wata shekara ɓarayin shanu suka faɗo mana da asuba, suka kore garken ƙauyen kaf, har da tata. Maza suka bi sawu, muka ji harbi daga wajen tudu, suka dawo hannu wofi.

Washegari na raka ta shara, don a lokacin ba ta ganin hanya sosai. Bayan mutum-mutumin muka tarar da wani ƙato a jingine, ya danne cikinsa da hannu, jini ya bushe a zanensa. Kitson kansa na mutanen kudu ne.

Ya ce, "Inna, ruwa."

"Innarka tana can inda ka baro ta. Ina saniyata?"

"Wace iri ce?"

"Baƙa, mai farin goshi, ƙaho ɗaya a karkace."

Ya yi ƙoƙarin dariya, ciwo ya hana shi. "Wannan mai taurin kan? Ai ita ta ɓata mana tafiya. Garin jan ta aka same ni."

Na ce, "Halin mai ita ta ɗauko."

Mavo ta harare ni, sannan ta buɗe gorarta ta ruwan ƙanzon shinkafa, ta tallafo kansa ta ba shi. Bai nemi magani ba, ya san abin ya wuce nan. Bai nemi Fada limamin coci ba, ba Kirista ba ne. Ya dai faɗi sunansa, Remanjary, ya faɗi sunan ƙauyensu, ya sake faɗa don kada mu manta.

"Inna, kada a bar ni haka a fili. Kada karnuka..."

"Rufe mini baki ka sha."

Kafin rana ta yi tsaka ya cika.

Na sauka na kira maza. Mai gari Ramasy, wanda ya fi kowa asara, ya leƙa ya tofar da yawu. Ya ce, "A ja shi bakin rami. Karnuka ma bayin Allah ne, su ci."

Mavo ta juya wajen malamin coci. "To, Malam, ina gurasar? Kai da kake cika mana kunne duk shekara."

Ralaivelo ya sosa ƙeya. "Yaya, ai wancan zamanin waliyyai ne."

Mavo ta juya masa baya. Ta lalubi hanya ta sauka ita kaɗai, ta dawo da abu a hammata. Tun daga nesa na ji warin taba. Na riƙe mata hannu.

"Kin haukace? Da wane idon za ki saƙa wani?"

"Kama ƙafafun, 'yar boko, ki rage surutu."

Mu biyu muka wanke shi muka naɗe, maza suna tsaye suna kallo. Daga baya Ralaivelo ya ji kunya ya kama mana, muka kai shi ƙarƙashin wani dutse muka toshe da duwatsu. Da za mu tafi, Mavo ta tsaya gaban waliyyin mara hanci ta ce, "Ka ga abin da ka jawo mini. Hankalinka ya kwanta?"

Ranar kasuwar shanu Mavo ta sa na kai ta Ambalavao, ta bi fatake ɗaya-ɗaya tana faɗa musu sunan mamacin da inda yake. Bayan 'yan makonni muka ga an janye duwatsun, wurin babu kowa. Danginsa sun kai shi gida.

Masu son labari ya yi daɗi sukan tambaye ni ko saniyar ta dawo. Ba ta dawo ba. Abin da ya dawo mata shi ne gaba, don akwai gidajen da suka daɗe ba su amsa gaisuwarta ba. Idon ya rufe gaba ɗaya. Ni nake kai mata shinkafa, kuma sau da yawa nakan same ta zaune kusa da akwatin, hannunta a kan murfin.

"'Yar boko, da me za ku rufe ni?"

"Da buhun shinkafa. Shi ma sai in an samu."

Sai ta yi dariya, amma hannun ba ya barin akwatin.

Da ta rasu, maƙwabta muka haɗu muka sayo farin yadi na kanti. Abin da muka iya ke nan. Muna zaman makoki, ana gobe za a kai ta, sai ga wata mata ta shigo babu takalmi, ƙafa duk kaushi, da ƙunshi a ka. Ta ce sunanta Pelavao, ƙanwar Remanjary. Duk shekarun nan tana tambayar fatake ko tsohuwar nan tana da rai, kuma su suka kai mata labari.

Ta kwance ƙunshin. Likkafanin tsamiya ne, ja. Ta ce saboda shi ta koyi saƙa, kuma ba sai ta faɗa ba. Bakinsa a karkace, wani wuri kauri, wani wuri har kana hango haske.

Ramasy, yana dogara sanda, ya ce daga bakin ƙofa, "Kayan gidan ɓarayi ba zai shiga kabarinmu ba."

Na ce, "Kawu, kabarin ka sani. Wanka da naɗi aikin mata ne. Je ka zauna."

A al'adarmu, mayafin da ya fito daga hannun ɗan'uwa na jini shi ake fara sawa, shi yake taɓa fata, sauran su biyo baya. Matan suka tsaya da farin yadin a hannu suna kallona, don Mavo ba ta da kowa. Na karɓi na Pelavao na shimfiɗa shi a ƙasa, na ce mata ta kama ƙafafun.

Da Yaya Mavo ta shafa saƙar nan tana da rai, da ta sa an warware ta an sake daga farko. Amma ta rufe ta daga kai har ƙafa, har da ɗan saura muka lanƙwasa.