Ƙwayar da Na Narkar a Kokon Hajiya

Ni ne wawan labarin nan, gara in faɗa da bakina kafin 'yan majalisarmu ta Ƙofar Kwaya su riga ni. Bokona a firamare ya tsaya, sauran ilimin a bakin ƙofar ofis na tsince shi, inda na tsufa ina masinja. Da wannan ɗan guntun na tashi yin likita.

Ɗanmu na fari ya rasu a hatsarin mota, yana dawowa daga Kano da kayan shagonsa. Aka yi zaman makoki, aka watse. Ni na koma gindin bishiyar bedi wurin tsofaffi 'yan'uwana, ana gardamar siyasa, ina ba da dariya yadda na saba. In na fita da hantsi, sai cin tuwo ke maido ni. Hajiya, matata, ba ta yi kuka gaban kowa ba, don uwa ba ta yi wa ɗan fari haka. Raguwa dai ta riƙa yi. Ta bar zuwa suna, ta bar kunna rediyo, awakinta suka koma hannun maƙwabciya. Matar da ke zuba sukari a koko kamar gidanmu ake yin shi, ta koma kurɓa kaɗan ta ture kwanon. In ka yi mata magana ta ce "to", idonta na kan bango. Tsorona kada shekara ta zagayo in binne ta ita ma.

Ana nan sai autarmu ta zo hutu. Karatun haɗa magunguna take yi a jami'a, ta kai matakin da ake bincike. Muna zaune a zaure na soma tsokanarta.

"Ke ɗiyar nan, wai da gaske ɓeraye kike kiwo? Mu nan guba muke saya masu, ku kun ba su ɗaki da fanka."

"Baba, farare ne, ba irin na ɗakin hatsi ba."

"To, masu sarautar ɓeraye ke nan. Me suke yi maki?"

Ta ce takura masu ake yi da gangan: yau a karkata kejin, gobe a jiƙa shimfiɗar, jibi a hana su sakewa. In abin ya daɗe sai ɓera ya koma lungu ya lafe, ko ruwan sukari aka ajiye mashi ba ya kulawa. Su kuma suna gwada tsofaffin magungunan da kowa ya sani, har da wani na ciwon sukari, su ga ko ɓeran da aka ba kafin a soma takurar zai tsira daga damuwar.

Na ce, "Yana yi?"

"A wasu ɓerayen. A mutum ba mu sani ba tukuna, da sauran tafiya."

Ta faɗi komai, ba ta rage ba. Ni ne na tsince abin da nake so. Lungu, ga shi a ɗakin Hajiya. Ƙin sukari, ga shi a kwanonta. Maganin ciwon sukari kuwa yana aljihuna, na daɗe ina shan shi. Na ce a raina, yaran nan nawa ke gare su, sai sun gama da ɓeran duniya kafin su tuna da uwarsu.

Da ta koma makaranta na fara aiki. Na murƙushe ƙwaya da bayan cokali, na motsa a koko, na kai ɗakin da hannuna. Hajiya ta dube ni, don rabon da in miƙa mata abinci tun haihuwar auta. Na tsaya kanta, ta shanye tas. Na fita ina taƙama, na shaida wa majalisa cewa bincike ya yi nasara a gidana. Kullum safiya haka: in tsaya ta sha, in ɗauki sandata in wuce.

Wata ranar Talata, ana shirin azahar, maƙwabcina ya tsaya da babur gindin bedi ya ce in hau. Matarsa ce ta shiga ta iske Hajiya kwance bakin murhu, zufa ta jiƙe ta, hannunta na karkarwa, ba ta gane kowa. Ta shafa mata zuma a baki, aka yi asibiti da ita. Likita ya ce sukarin jininta ya yi ƙasa ƙwarai, ya tambaya ko tana shan wani magani. Matan da suka rako ta suka ce a'a. Na laluba aljihu na miƙa mashi kwalin.

Auta ta iso da la'asar. Ta juya kwalin a hannunta.

"Baba, wannan ma ba shi muke gwadawa ba."

Ta zauna bakin gadon uwarta tana share hawaye da gefen hijabi. Na gwammace ta zage ni.

Allah ya sa da sauran kwana, aka sallame mu. Washegari na leƙa ɗakin, Hajiya na zaune kan darduma, ta rame har zoben hannunta na yawo. Ni kuwa makami ɗaya na iya, barkwanci.

"Hajiya, saura kaɗan ki shiga littafin jami'a. Wallahi alheri na nufa. Su ɓerayen an ce wasu sun ji sauƙi."

Ta ɗago, ta dube ni sosai, abin da ba ta yi ba tun ranar da aka fita da gawar ɗanmu.

"Malam, ɓerayen nan wuni auta take zaune gabansu tana duban halin da suke ciki. Kai ka ba ni ƙwaya ka tafi gindin bedi."